Injin Baban Mika

Kwana uku Mika ya yi yana goge injin da tsumma da kananzir, shi da ko babur ɗinsa sai dai ruwan sama ya wanke masa. To, ba laifinsa ba ne. Ƙaramar hukuma ta riga ta yi ciniki da 'yan gwangwan: ranar Litinin za su zo da wutar walda su yayyanka tsohuwar masana'antar man kaɗe da ke hanyar Dabai, sai fa idan jami'ar adana kayan tarihi daga Birnin Kebbi ta sa hannu cewa wurin ya cancanci a bar shi.

Mika kuwa ba ginin ne ya dame shi ba, sunan ubansa ne. Duk Zuru babu wanda bai sha labarin Injiniya Francis ba, domin Mika ba ya barin kowa ya tsira. A coci, a tasha, a gidan makoki, sai ka ji yadda marigayin ya riƙe injin nan shekara goma sha ɗaya ba tare da ko ƙusa ta kwance ba. Idan aka sare injin, da me zai riƙa buɗe baki?

Jami'ar, Hajiya Khairat, ta iso da hantsi, 'yar siririya, da littafi a hannu. Mika ya tarbe ta cikin kwat, a wannan zafin. Mahaifiyarsa, Mama Keziah, ta biyo shi da kular kunu duk da ya roƙe ta ta zauna a gida. Ya zaunar da ita can gindin bango, inda yake fatan baƙuwa ba za ta lura da ita ba, balle hannayen nan nata masu kanta da karkatattun yatsu.

Suka shiga. Rabin kwanon rufin ya tafi, jemagu sun gaje sauran. Amma injin yana nan tsakiyar zaure, kore shar, sai ƙyalli.

"Ranki ya daɗe, dubi haƙoran nan," in ji Mika. "Ko fentin kamfani bai goge ba. Haka Baba yake da tsafta."

Ta shafa haƙoran, ta rubuta wani abu. Ta zagaya baya tana neman inda wayar wuta ta shiga, ta tarar da ramin a toshe da robarsa. Mika ya ce ɓarayi ne suka kwashe wayoyin. Ɓarayi masu tarbiyya ke nan, da suka gama suka mayar da murfi.

Ya nuna mata ɗakin janareta, wanda bangonsa ya yi baƙi ƙirin. Ya nuna mata gwangwanayen da ya tono, masu hoton kaɗanya. Nan fuskarta ta saki. Ta ce da irin man nan kakarta ke shafe su suna yara, kuma har yau ba ta sake samun mai laushinsa ba. Mika ya ji kamar shi aka yaba, ya gyara wuyan kwat.

Da ta nufi ƙofar baya sai ya sha gabanta, wai babu komai can sai ciyawa da kashin awaki. Ba ƙarya ya yi ba, iyakar saninsa ke nan. Tun yana yaro uban ya hana shi leƙa wurin, shi kuma da ya girma bai ga abin da ɗan injiniya zai nema a bayan gida ba. Ta dai wuce.

Fili ne mai faɗi, an kewaye shi da bangon da ya fi na gaba tsawo. A siminti akwai kwarmi-kwarmi zagayayyu, a jere, guda ashirin da biyu. Gefe kuma duwatsun murhu ne, sun ƙone har sun tsattsage.

"Sawun tankuna ne," in ji Mika da sauri. "Murhun kuma na masu gadi."

Hajiya Khairat ta ƙirga murhun, goma sha biyu. Lallai masu gadin sun ci abinci.

Ta daɗe a tsugune tana auna kwarmin da tafin hannu. Can ta miƙe, ta wuce Mika kamar turke, ta je ta durƙusa gaban tsohuwar ta gaishe ta. Suka yi ƙus-ƙus. Mika ya ga ta kama hannayen nan tana jujjuya su, kunya ta kama shi har kunne.

Sai ga ta ta zaro biro ta sa hannu. Mika ya kusa yin tsalle.

"Mun karɓi filin baya da bangonsa," in ji ta. "Ƙarfen ciki kuwa, ku bar 'yan gwangwan su ɗauka. Sabo ne, zai yi kuɗi."

Mika ya zabura. "Sabo? Injin da ubana ya yi shekara goma sha ɗaya a kansa? Mama, kina ji ana zagin mijinki kin yi shiru?"

Mama Keziah ta rufe kularta a hankali, ta dube shi da tausayi.

"Wa ya zage shi? Mutumin kirki ne, bai taɓa makara ba. Amma injin nan tun da aka sauke shi bai juya ba ko sau ɗaya, an manta wani ƙarfensa a Turai. Mu ashirin da biyu muke daka ƙwarar kaɗe a turame can baya, mu soya, mu murza da hannu. Aikin ubanka, ɗana, idan ya hango motar manyan baƙi, ya ruga ya tayar da janareta don kada a ji ƙarar taɓarenmu."