Jan Allo a Layi na Uku

Asabar ta uku ke nan Zibusiso Tshuma yana tarar da abin a wuri ɗaya. Jan allo ne da bai kai farcen jariri ba, rataye a goshin kan ɗan jirgin ƙasan wasa da ke layi na uku, cikin 'yar rumfar gyaran jiragen da ya gina da hannunsa. Ya sa matsefata ya cire shi, ya jefa a aljihu.

Wata bakwai ya yi yana haɗa rumfar nan da kwali da gam a ɗakinsa na Bulawayo, ko taga ɗaya bai saya a kanti ba. Tubali ɗai-ɗai ya zana da bakin allura, ya niƙa kwal ya shafe rufin. Har ramin da makanikai ke shiga ƙarƙashin jirgi ya yi, da matakalarsa biyar, ta huɗu a karye. Ranar da ya kai ta ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa, da ke haɗuwa a zauren bayan coci, tsofaffi suka yi caa a kanta.

"Wane hoto ka bi?" in ji Mpofu, makanikin motoci, ƙaramin cikinsu.

"Babu hoto. Daga ka ne."

"Kai! Ashe akwai wanda ya fi matata riƙo."

Kowa ya yi dariya ban da shugaba, Baba Mlalazi, wanda kullum a zaune ake samunsa bayan teburin maɓallan tuƙa jiragen, a zaune kuma ake barinsa. Ya daɗe yana leƙen ramin, sannan ya ce a ajiye rumfar kusa da shi.

Duk wanda ya yi aikin jirgin ƙasa ya san jan allo. Makanike zai shiga rami, sai ya rataya shi a goshin jirgi, ba mai taɓa jirgin sai ya fito ya cire da kansa. Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, Tshuma yana sabon ɗauka, kwanansa tara a aiki, aka ce ya matsar da kan jirgin layi na uku a ainihin rumfar da ya kwaikwaya. Ya hau cikin ɗoki, ya saki birki. Ihun da ya fito daga ƙasa har yau bai bar kunnensa ba. Bai tsaya ganin gawa ba, ya tsallake shinge, bai zame ko'ina ba sai ramukan zinariya na Johannesburg. Ko sunan mutumin bai sani ba.

Ya dawo gida da furfura da jikoki masu ganin girmansa. Ya ɗauka ƙasa ta rufe zancen. Me ya kai shi gina wannan rumfa, daga duk rumfunan duniya, shi ma bai sani ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Yanzu ga shi wani ya sani. Tuwo ya daina wuce masa, in an ƙwanƙwasa ƙofa sai ya leƙa ta taga kafin ya buɗe. Ya riƙa ƙirga shekarun Mpofu: arba'in da 'yan kai, daidai marayan da za a bari a goye. Ga shi makanike, ga shi da yawan tambaya.

Asabar ta huɗu allon ya dawo. Mpofu ya ɗago daga inda yake goge layin dogo.

"Baba Tshuma, lafiya? Ka yi zuru-zuru kamar ka ga mai kabari. Dama ina so in kawo maka wani abokina ɗan sanda, ya ce lallai sai ya ga rumfar nan."

Tshuma ya ce to, da muryar da ba tasa ba. Ya zauna kan benci har aka sha shayi aka watse, ba ya ganin komai sai fuskar jikarsa ranar da za a sa masa ankwa. Da zauren ya rage daga shi sai shugaba, ya ja ƙafa ya tsaya gaban teburin. Gara ya faɗa wa dattijo da bakinsa kafin a zo a tatse shi.

"Yaya, ina da magana. Na kashe mutum."

Ya zayyana komai, bai rage ba. Ya ce allon yana nan a rataye, tabbas, shi ne bai duba ba don rawar kai. Ya ce ɗan mamacin ya gano shi, kuma bai ga laifin yaron ba. Yana magana hawaye na bin gemunsa.

"Mpofu? Ubansa na nan da rai, yana kiwon awaki a Gwanda," in ji Baba Mlalazi. "Ni ke rataya allon."

Tshuma ya share hawayensa, ya zuba masa ido.

Tsohon ya juyo da kujerarsa, ya ɗauki sandarsa ya ƙwanƙwasa ƙwaurinsa na dama, sannan na hagu. Duka biyun suka yi ƙarar katako.

"Ba ka kashe kowa ba, ƙanena. Na sa an neme ka har na gaji. Ina rataya shi yanzu ne saboda ranar nan sauri ya ɗebe ni, na shiga rami na bar allon a kan ƙusa."