Hotunan Marigayiya

Da hantsi tsohon ya tarar da hotunan marigayiya matarsa zaune lafiya a wata sabuwar folda. Kwamfutar ce ta sauya musu wuri lokacin da ta sabunta manhajarta.

Jiya kuwa, a gaban baƙi, ya zargi matar ɗansa da goge su. Ta durƙusa ta ce, "Baba, kuskurena ne." Ya yafe mata cikin karamci, ya ƙara da doguwar nasiha.

Yanzu ya kira ta, murya ƙasa-ƙasa. "Ashe suna nan."

"Na sani, Baba. Na hango su tun kuna faɗa."

"Me ya hana ki magana?"

Ta ɗauke kofin shayinsa. "Ai akwai baƙi."