Ƙusa Bakwai a Haikalin Minase

Tun kafin ya cire takalmi Tokuji Kuwabara ya fara zagi.

"Wannan ba gyara ba ne, cin amana ne," in ji shi. Bai jira an nuna masa hanya ba, ya wuce kai tsaye zuwa kusurwar gabas ta zauren Buda, inda rufin ya sunkuyo kamar tsoho mai ciwon baya.

Shekarunsa saba'in da huɗu, kuma a duk yankin Nara babu masassaƙin haikali da ake jin tsoron bakinsa kamar shi. Garuruwa uku na jiransa, ya watsar da su ya zo ƙauyen Minase. Mutanen ƙauyen suka ce albarka ce ta sauko musu.

Zauren ya haura shekara ɗari shida a tsaye. Magabata sun haɗa shi da itacen hinoki, kowane katako ya saka harshensa a ramin ɗan'uwansa. Girgizar ƙasa ta zo ta wuce sau da yawa bai faɗi ba. Sai shekara hamsin da biyu da suka wuce guguwa ta karya babban gungumen da ke ɗauke da kusurwar, wani ya yi masa ƙari. Wannan ƙarin ne yanzu ya ruɓe.

Tokuji ya ƙwanƙwasa gungumen da sandarsa.

"Ɗanyen katako ya sa, bai ko bari ya bushe ba. Ya yanka harshen ya gaza, sai ya cike gurbin da siminti, ya bi da ƙusa har bakwai. Jaki ma da an ba shi zarto ya fi haka."

Ryosen, babban malamin haikalin, ya sunkuyar da kai. "Maigida, ni lokacin ko haihuwata ba a yi ba. Amma dattawa sun ce marigayi Genzo ne kafintan ƙauye a zamanin."

"To, dattawa sun faɗa."

Harue, 'yar Genzo, tana tsaye a bakin ƙofa da farantin shayi. Shekara talatin tana share wannan zaure.

"Baba, ai shekarar guguwa mahaifina..."

"Ajiye shayin, 'yar nan. Da ubanki ya iya riƙe guduma kamar yadda kika iya riƙe faranti, da ba a taso ni daga gida ba."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Harue ta ajiye, ta fita.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika ƙauye. Mai sayar da tofu, wato awara, wanda bai taɓa kafa ko maratayin riga ba, ya ce shi dama tun yana yaro ya ga hannun Genzo na rawa. Dattawan da suka shekara suna sunkuyawa a gaban allon girmamawa na bakin ƙofa, inda aka rubuta sunan Genzo, suka zauna suka yanke cewa a sauke shi ranar Litinin. Harue ta daina zuwa kasuwa, amma ba ta daina shara ba.

Ran Asabar wata jami'a ta iso daga ofishin kula da kayan tarihi, sunanta Fumie Shimazaki. Ta ce in an sauke gungumen kada kowa ya taɓa shi sai ta ɗauki hotonsa, domin masassaƙa kan rubuta sunansu da tawada a harshen katako, inda ido ba ya kaiwa sai an warware ginin.

"Mai irin wannan aika-aika zai sa suna?" Tokuji ya yi tsaki. "Ɓarawo ba ya barin hularsa."

"Duk da haka, Maigida, a bar mini shi."

Da hantsin Lahadi aka tokare rufin, aka zare ƙusoshin. Bakwai ne cif, duk sun ci tsatsa. Mutum shida suka sauko da gungumen da igiya, suka kwantar da shi a rumfar aiki. Tokuji ya hana a juya shi.

Ƙararrawar cin abincin rana ta kaɗa. Ya kori kowa, har da Fumie, ya ce su je su ci shinkafarsu, shi warin ruɓa ya ɗauke masa yunwa.

Da wurin ya yi tsit, sai ya cije, ya mirgina gungumen shi kaɗai. Ya ɗauko abin kankare katako, ya gwada kaifinsa a farce, ya dafa, ya ja sau ɗaya tak. Fuskar harshen ta fito fes. Ya tattara ɓawon da ƙafa cikin tarin shara, ya fita wanke hannu yana waƙa ƙasa-ƙasa.

Da aka dawo, Fumie ta duba ta sake dubawa.

"Wa ya kankare nan?"

"Ni. Ina son ki ga zurfin ruɓar. Babu komai a kai, na gaya miki. Rubuta Genzo mu huta."

Fumie ta ɗora biro a kan takarda. Dattawa suka gyaɗa kai.

A bayansu Harue na shara. Tsintsiyarta ta jawo wani ɓawon katako dogo, siriri har ana ganin haske ta cikinsa, bai tsinke ko'ina ba, irin wanda ƙwararre kaɗai ke iya fitarwa. Ta warware shi a hankali, ta ɗaga shi sama, ta karanta da murya mai ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Shekarar guguwa, watan tara. Maigida Genzo na kwance da karaya. Ni kaɗai na gama wannan aiki cikin kwana huɗu. Tokuji Kuwabara, ɗan shekara ashirin da biyu."