Tela da Wayoyi Biyu a Bayan Talabijin

Tunda ka ce mutum biyu sun ba ka shawara kuma kana jin nauyin kowannensu, gyara zama ka ji abin da ya sami wani tela.

Telan nan yana da faifan bidiyo na auren ƙanwarsa, kuma a cikinsa akwai inda marigayi mahaifinsu ya zauna kan buzu yana yi wa ango da amarya nasiha. Mahaifiyarsu tana ƙauye, ido ya yi rauni, kunne ma sai an ɗaga murya. Tun rasuwar mijinta ba ta ƙara jin muryarsa ba, kuma ba ta da buri irin wannan. Da aka ce za ta shigo birni a duba mata ido, tela ya ƙudura ba za ta koma ba sai ta ji. Amma sautin talabijin ɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai ya nemi shawara, a nan fa ya ɗebo ruwan dafa kansa. Yayansa ya kinkimo tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, da manyan lasifikoki na katako, ya ce a jona da wayar nan mai kai ja da fari, ita ce ke ɗauko murya yadda Allah ya yi ta, ɗan shuu ɗin da take yi kuwa ba ya hana ji. Amininsa, wanda suke ɗinki a rumfa ɗaya, ya raka shi kasuwa suka sayo sabuwar na'ura mai ƙananan lasifikoki da ake jerawa kewaye da falo. Ya nuna masa wata siririyar waya mai ɗigon jan haske a bakinta, ya ce wannan dijital ce, da haske take tafiya, ba shuu ba ƙara, ja da fari kuwa zamaninta ya wuce.

Tela ya tsuguna bayan talabijin, waya a kowane hannu, kansa ya ɗaure tamau. Yadda haske zai goyo muryar mutum bai gane ba, yadda zaren tagulla zai goyo ta ma bai taɓa ganewa ba. Abin da ya gane shi ne, in ya ajiye ta yaya, a ce ya raina na gaba da shi, in kuma ya ajiye ta amini, da wane ido zai kalle shi gobe a rumfa? Ya leƙa ya ga kowace waya da raminta, ba mai tare wa wata hanya. Sai hankalinsa na tela ya raya masa cewa ai inda ake tsoron yagewa ɗinki biyu ake yi. Ya cusa duka biyun, har yana jin ya yi dabara. Bawan Allah bai san cewa ja da fari kai tsaye take miƙa murya ba, ita kuwa ta haske sai an mayar da muryar lissafi, na'ura ta karɓa ta warware, saboda haka takan makara da ɗan abin da bai fi ƙiftawar ido ba.

Tsohuwa ta zo, amma ba a kawo wutar lantarki ba sai hantsin ranar da za ta koma, motar ƙauyensu kuwa ranar kasuwa kawai take lodi. Aka shimfiɗa mata darduma a tsakiyar falo, yaya da amini duk sun zo ganin aikinsu. Aka kunna. Marigayi ya buɗe baki, kowace kalma ta fito sau biyu, ta baya tana take diddigen ta gaba. Yaya ya ce sabuwar ce ke ɓata lamari, ya ƙara wa tasa ƙarfi. Amini ya ce tsohuwar ce, shi ma ya murɗa tasa. Tela ya goge faifan da bakin rigarsa, ya kashe, ya kunna, ya juya lasifika ta kalli bango, ya zargi wutar, ya zargi wanda ya ɗauki bidiyon. Komai ya taɓa ban da wayoyin, domin kowace waya akwai mai ita tsaye a kansa. Tsohuwa ta karkato kunne ta daɗe tana saurare, fuskarta duk ruɗani, sannan ta ce, "Su wane ne ke musu haka? Kai, kashe. Wannan ba Malam ba ne, mahaifinku bai taɓa in'ina ba." Ta laluba ta ɗauki ƙullin kayanta, yaya ya riƙe mata hannu zuwa tasha, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Da la'asar matar tela tana shara, tsintsiya ta fizge waya ɗaya, ba wanda ma ya lura ko wacce ce. Tela ya dawo falon jiki a sanyaye ya sake kunnawa, sai ga muryar mahaifinsa ita kaɗai, tas, kamar yana zaune a ɗakin. Ya dubi darduma ba kowa a kanta, ya zauna ya yi hawaye. Ko wacce ya zaɓa a cikin biyun, da tsohuwa ta ji mijinta.

To, kai ma ka je ka zaɓi ɗaya, ka ba ɗayan haƙuri. Ba banza Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa ba.