Azurfar da Maƙeri Ya Ajiye

Tun da ka zauna kake mitar an ja maka rai. Bari in ba ka misali.

Akwai wani likitan dabbobi da ya yi karatu a Ingila, ya dawo gida da wata ɗabi'a: tara tsoffin kuɗin azurfa na sarakunan can, irin waɗanda aka buga shekara dubu da ta wuce. Siraran abubuwa ne, baƙi ƙirin saboda daɗewa a ƙasa, wasu a lanƙwashe, wasu duk sara a jiki. Matarsa ba ta taɓa gane abin da yake gani a cikinsu ba, amma tana son mijinta. Da lokacin ajiye aikinsa ya matso, ta ce bari ta yi masa abin bajinta. Ta buɗe akwatinsa ba ya nan, ta tsinci waɗanda suka fi muni, a ganinta su ne ba zai yi kewarsu ba, ta kai wa wani tsohon maƙerin azurfa ya narka ya yi masa zobe. Maƙerin kuwa sarkin gobe ne. Yau zugazuginsa ya yage, jibi ya tafi jana'iza ƙauye, gata idonsa ke ciwo. Ta yi sintiri har ta gaji, ta yi masa faɗa a gaban mutane, ta dawo tana cewa ba ta taɓa ganin marar alkawari irinsa ba.

Ran nan maigidan ya yi baƙo, tana kawo musu ruwa ta ji yana ba shi labarin kuɗin. Ya ce saran nan na wuƙar mayaƙan teku ne na arewacin Turai, da ita suke gwada azurfa in sun karɓe ta, kuma waɗanda suka fi lanƙwashewar nan su ya fi shan wahalar samu, ba zai ƙara ganin irinsu ba har ya mutu. In wuta ta taɓa su, ko darajar ɗan kunne ba za su yi ba. Ta ajiye kofunan, ta ja mayafi, ta tari mai adaidaita. Tun daga bakin layi take jin ƙarar guduma, ga hayaƙi yana tashi daga maƙerar.

Tsohon yana ganinta ya soma kame-kame. "Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi yau ɗin nan nake shirin sa su a wuta."

Ya jawo ƙullin tsumma daga ƙarƙashin tabarma. Suna nan yadda ta kawo su, baƙaƙe, a lanƙwashe. Sai ta sami kanta zaune a kan turmi tana dariya, hawaye na zuba. Ta biya shi ladan aikin da bai yi ba, shi kuwa ya bi ta da ido. Da yamma ta faɗa wa mijin komai. Ya daɗe yana juya su a tafin hannunsa, sannan ya ce ta matso ya nuna mata fuskar sarkin da ke jikinsu.

To ka ji. Shi ya sa Hausawa suka ce, wani jinkirin alheri ne.