Jinin Taguwa

Sai da taguwar ta gurfana, idanunta suka lumshe, sannan malamin dabbobi na Karaye ya ɗebi jini a jijiyar wuyanta. Ya san ƙa'idar aikinsa sarai: ana ɗibar jini kafin allurar barci, domin maganin yakan tsinka jinin raƙumi na ɗan lokaci, lafiyayye ya fito kamar wanda cuta ta cinye. Da gangan ya juya tsarin.

Mai taguwar dattijo ne. Amalen raƙuminsa ne ya tattake mahaifin malamin a gonar gyaɗa a Kurugu. Mahaifin ya gurgunce har ya koma ga Mahaliccinsa, ba wanda ya zo ko da sannu. Tun ranar malamin ke jiran ramuwa yadda mai azumi ke jiran Magariba.

Ya auna jinin, ya ɗaga kwalbar.

"Baba, ciwon sammore ya gama da ita. A yanka tun ba ta zama mushe ba."

Aka ambaci sunan Allah, aka soke ta. Zuciyar malamin ta yi sanyi.

Dattijon ya kwance akalar, ya tako a hankali.

"Ɗana, ka gafarce ni, na makara. Taka ce. Don diyyar mahaifinka na raine ta, ita kaɗai fari ya bar mini. Na ji tsoron Allah in kai muku mai aibi, shi ya sa na ce ka duba ta tukuna."

Ya ɗora masa akalar a tafin hannu, igiya zalla.