Bencin Ƙofar Shago

Saura mako uku ya kammala jami'a, ya shigo shagon mahaifinsa kafinta rungume da 'yar gadar da ya haɗa da tsinken ashana. Tun shekarar farko yake wannan wasa, har abokai suka laƙaba masa Mai Gada.

"Baba, irinta zan gina, ta gaske. Kamfani bakwai na rubuta wa."

"Sun amsa?"

"Tukuna dai."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya ci gaba da goge katako. A bango ga takardun digirin yayyen saurayin uku, kowacce cikin firam ɗin da Baba ya ƙera da hannunsa. A ƙofar shago kuwa ga masu takardun jere kan benci, suna bin inuwa tun safe. Su ma sun taɓa rubuta wa kamfanoni.

"Wannan katakon na firam ɗina ne? Ai ya yi tsawo, Baba."

Tsohon ya hure ƙurar katakon, bai ɗago ba.

"Firam ɗinka na gama shi tun bara, auta. Bencin nake ƙara wa tsawo, ya yi wa mutum huɗu kaɗan."